Yadda ake tashi ƙasa-ƙasa da ƙaramin jirgi ba tare da an kwashi wayar wuta ba

Tambayar nan ta ishe ni, musamman daga ɗalibai masu koyon tuƙin jirgi da kuma waɗanda suka karɓi lasisi kwanan nan suna sha'awar aikin feshi ko ɗaukar hoto ko duba bututu: wai ya ake yi a sauko ƙasa-ƙasa a yi aiki a koma lafiya, kuma ya ake hango wayar wuta kafin a kai gareta? Toh amsar ɓangare na biyun ba daɗi, mafi yawan lokaci ba a hangota. Duk abin da zan jero a ƙasa an gina shi ne kan cewa idonka ba zai nuna maka waya a kan lokaci ba, sai dai ka san inda take tun kafin ka sauko.

Ga lissafin da zai sa ka yarda. Jirgi mai gudun not 100, wato kusan kilomita 185 a awa, yana cin mita 51 duk daƙiƙa ɗaya. In ka yi sa'a ka hango waya tana mita 150 a gabanka, daƙiƙa 3 gareka. Ita kuwa hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, da ta lissafa lokacin da matuƙi ke buƙata ya ga wani jirgi, ya gane haɗari ne, ya yanke shawara, ya motsa hannu, jirgin kuma ya amsa, daƙiƙa 12.5 ta samu. Jirgi guda kenan fa mai fukafukai, ba waya mai kaurin yatsa ba.

Wannan rubutun ba zai maye gurbin malami ba, aikin ƙasa-ƙasa horo ne na musamman da ake yi da malamin da ya san shi.

1. Tambayi kanka ko dole ne

Kafin komai, me zai kai ka ƙasa? In aiki ne, feshi ko ceto ko duba layi, toh da dalili. In kuwa so kake ka wuce ta saman gidan abokinka ya fito ya ɗaga maka hannu, ko budurwa ce a kujerar dama kake so ta ga rafi da kyau, dan Allah tsaya a nan, sauran matakan ba naka bane.

Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda yawancin ƙasashe suka ɗauka ita ce: a saman gari ko taron jama'a kada ka yi ƙasa da ƙafa 1000, wato mita 300, sama da abu mafi tsayi da ke cikin mita 600 kewaye da kai. A sauran wurare ƙafa 500, mita 150, sama da ƙasa ko ruwa. Sai lokacin tashi da sauka, ko in an baka izini na musamman. Dokar Amurka ta ɗan sassauta a saman ruwa da wuraren da ba mutane sosai, amma ko a can ba a kusantar mutum ko mota ko jirgin ruwa ko gini da ƙasa da ƙafa 500. Ka duba dokar ƙasar da kake tashi a cikinta, kada ka ɗauka duk ɗaya ne.

Gargaɗi: waya ba ita kaɗai ce matsalar ƙasa ba. Ƙaramin jirgin nan Cessna 172 in injinta ya mutu tana yin gaba kusan ƙafa 9 duk ƙafa 1 da ta sauko. Daga ƙafa 500 kana da ƙasa da kilomita ɗaya da rabi ka nemi fili, daga ƙafa 100 ko mita 300 ba za ka kai ba, duk abin da ke gabanka a kansa za ka sauka.

2. Aikin tebur kafin ka je filin jirgi

Buɗe taswirar tashi ta yanzu, ba wadda ta ƙare aiki ba. Bi hanyarka da yatsa ka yi wa kowane layin wuta da kowace eriya alama. A taswirar Amurka akwai manyan lambobi a cikin kowane akwati da ke nuna tsayin abu mafi tsawo a yankin, wasu taswirorin ma suna da irinsu, ka rubuta na hanyarka a takardar da za ka ɗora a cinya.

Sai dai taswira ba ta faɗin komai, kuma nan mutane ke ruɗuwa. Abin da bai kai ƙafa 200 ba sau da yawa ba a zana shi, ba a kuma tilasta a yi masa fenti ko fitila sai in yana kusa da filin jirgi. Manyan layuka ne ake sawa, su ma saboda suna taimakawa wajen gane hanya, ƙananan da ke shiga gonaki da rijiyoyin burtsatse babu su. Wato daidai tsayin da za ka yi aiki a cikinsa shi ne taswira ta fi yin shiru a kai.

Don haka ka ƙara da abu uku. Karanta NOTAM na hanyar, wato sanarwar da ake fitar wa matuƙa, a nan ake sanar da eriyar da fitilarta ta mutu da sabon ƙugiyar gini da aka kafa. Buɗe hoton tauraron ɗan adam ka matso sosai, wayar ba za ta fito ba amma inuwar turaku tana fitowa, haka ma doguwar hanyar da aka share a cikin daji. Sannan ka kira mai wurin ka tambaye shi, kuma kada ka tsaya a kan "akwai waya?" domin mutumin da kullum yake wucewa ta ƙarƙashinta ya daina ganinta. Tambaye shi daga ina wuta ke shigo masa, ina famfon ruwansa yake, akwai wani layi da aka ja bana, akwai tsohon layin da aka daina amfani da shi amma ba a cire ba. In da hali ka je wurin da mota ka taka da ƙafarka, ba abin da ya kai wannan.

3. Kayan aiki da abin da za su ci maka

Daga mai araha zuwa mai tsada. Tsumma mai laushi da ruwan wanke gilashin jirgi, kusan kyauta ne kuma sun fi wasu na'urori amfani. Tabarau mai kyau da hula mai baki. Manhajar taswira a kwamfutar hannu irin su ForeFlight ko SkyDemon, kuɗin shekara ake biya, tana gargaɗi kan tsaunuka da eriyoyin da ke cikin rumbun bayananta. Garmin na da tsarin WireAware mai zana layukan wuta a allo, amma iyakarsa ƙasashen da aka tattara bayanansu. Sai hular kwano ta matuƙa da bel mai riƙe kafaɗu, masu feshi ba sa wasa da waɗannan biyun.

Mai tsadar shi ne wuƙar yanke waya. Wadda ake gani a goshi da haɓar helikwafta sunanta WSPS, kamfanin Bristol Aerospace na Kanada ne ya ƙirƙiro ta, tana kama wayar ta zame da ita cikin baki mai kaifi. Jiragen feshi irin su Air Tractor da Thrush suna da wuƙaƙe a ƙafafun taya da gaban gilashi, da wata igiyar ƙarfe daga saman ɗakin matuƙi zuwa ƙolin wutsiya don waya ta zame ta wuce kada ta sare wutsiyar. Ba abin da kake saya ka ɗaura da kanka bane, sai wanda aka amince da shi ga irin jirginka, injiniya mai lasisi ya saka.

Gargaɗi: wuƙar na aiki ne in an bugi wayar kusan kai tsaye kuma da isasshen gudu, kuma kaurin wayar bai fi ƙarfinta ba. In fiffike ne ya kama ko farfelar saman helikwafta, ba ruwanta. Akwai kuma na'urar da ke jin wutar da ke gudana a layi ta yi ƙara, amma layin da aka ɗauke wa wuta, da wayar ɗaurin eriya, da igiyar ƙarfe ta tsallaka rafi, duk ba ta jinsu.

In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, ni dai shawarata ka kashe shi a awannin horo da malamin aikin ƙasa-ƙasa. Ka kuma karanta takardar inshorarka, da yawa ba sa biya in an samu ka saɓa dokar tsayi.

4. Shirya jirgi, shirya lokaci

Wanke gilashin gaba ciki da waje. Gilashin ƙananan jirage roba ce, busasshen tsumma yana karce ta, kuma karcen nan da ba ka damu da shi ba in rana ta doke shi sai gaba ɗaya ya zama fari. Cire takardu daga saman dashbod don suna haskawa a gilashi.

Saita altimita, agogon tsayi, da QNH na kusa, wato ma'aunin nauyin iska da ake bayarwa a hektofaskal. Kuskuren hektofaskal 1 kusan ƙafa 30 ne, in ka yi kuskuren 5 ka yi asarar ƙafa 150 ba ka sani ba. Kuma ka tuna tsayi daga teku take nuna maka, sai ka cire tsayin ƙasar wurin da kanka.

Lokaci kuma, guji sassafe da gab da faɗuwar rana in aikin zai sa ka fuskanci ranar. Hazo, ƙura, yayyafi, duk suna ɓoye waya. In gajimare ne ke danno ka ƙasa a hanya, kana raguwa daga ƙafa 1500 zuwa 1000 zuwa 600 kana cewa gaba zai washe, juya tun da sauran sarari. A ranar 30 ga Yuli 2016 wani balan-balan mai ɗaukar mutane ya bugi babban layin wuta kusa da Lockhart a jihar Texas, mutum 16 suka rasu, kuma masu bincike sun danganta abin da shawarar ci gaba da tafiya cikin hazo da gajimare. Balan-balan ma kenan mai tafiyar hawainiya.

In da fasinja, ba shi aiki: ya nemi turaku, in ya ga wani abu ya ce "waya" da ƙarfi ya nuna da hannu, ko da yana ganin ka riga ka gani. Hira kuma a ajiye sai an koma sama.

5. Zagayen leƙe daga sama

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa saboda gaggawa. Ka iso wurin a sama da duk wani abu da ka rubuta, aƙalla ƙafa 500, ka zagaye shi gaba ɗaya, cikakken zagaye, wurin yana ɓangaren da kake zaune. Dalilin cikakken zagaye shi ne waya tana bayyana tana ɓacewa gwargwadon inda rana take da abin da ke bayanta. Sabuwar wayar alminiyam tana walƙiya daga wani gefen, in ta tsufa ta koma toka-toka, ta jan ƙarfe kuma ta yi duhu ko kore ta saje da bishiyoyi. Wadda ka gani sarai daga gabas in ka dawo ta yamma sai ka rantse an cire ta.

Kada ka ɓata lokaci kana neman wayar, nemi abin da ke riƙe da ita da abin da ke shan wutarta. Kowane gida, rumbu, famfo, injin ban ruwa, fitilar titi, ka ɗauka akwai waya da ta zo masa har sai ka gano ta inda ta biyo. Kowace hanyar mota da layin dogo ka ɗauka waya na bin gefensu. In ka ga an share bishiyoyi a miƙe kamar an ja layi, akwai dalili.

Duba har wajen filin aikin, inda za ka riƙa juyawa da inda za ka haura in wani abu ya faru. Mutane na leƙa gonar da kyau su manta cewa rabin lokacinsu a wajen gonar za su yi shi suna juyawa. Ka zaɓi kuma inda za ka jefa jirgin in inji ya tsaya.

Kuɗin wannan zagayen? Cessna 172 na shan galan 8 zuwa 9 a awa, minti biyar bai kai galan ɗaya ba.

Gargaɗi: in ka zo wurin jiya, yau ma sai ka sake. Ana kafa turke a ja waya cikin yini guda. Haka in ka je shan mai ka dawo, ko mai aikin ya kira ka ta rediyo ya ce ka ƙara da wancan ɓangaren, haura sama ka sake leƙawa, kada ka zarce daga ƙasa.

6. Karanta turaku

In ka ga falwaya ɗaya, aikinka ka nemo ta gaba da ta baya. Katakon da aka gicciya a samanta yana nuna maka hanya, waya na tafiya ne ta gicciye shi. Kwalaben da ke riƙe waya su ma suna magana, in sun karkata ko ka ga wasu a wani gefen daban, toh akwai reshe da ya balle ta can. Falwayar da aka ɗaure da wayar tallafi zuwa ƙasa yawanci kwana ce ko ƙarshen layi, kuma layin na ja ne ta ɓangaren da ke kishiyar ɗaurin.

In ka bi layi sai ya ɓace maka, kada ka ce ya ƙare. Ko falwayar ta ɓuya cikin bishiya, ko tazarar ce ta yi tsawo. A karkarar Ostireliya da New Zealand da wasu ƙasashen akwai layi mai waya ɗaya tal da ake kira SWER, ba katakon gicciye, tazarar turakunsa na kai ɗaruruwan mita, kana iya kasancewa a tsakiya ba ka ganin ko ɗaya daga cikin biyun.

Manyan hasumiyoyin ƙarfe kuma suna da tarkonsu. Wayoyi masu kauri da kake gani suna lanƙwasa ba su ne na sama ba. Can ƙoli akwai siririyar waya ɗaya ko biyu ta kariya daga tsawa, ba ta lanƙwasa sosai kamar sauran, saboda haka a tsakiyar tazara tana iya yin nisa sama da su. Matuƙi ya ga masu kaurin ya haura su da kyau yana jin ya tsira, sai siririyar ta kama shi.

Ƙwallayen nan masu ruwan lemo da fari da ake ratayawa a waya suna taimakawa, amma a ƴan wurare kaɗan ake sa su, kusa da filin jirgi ko wasu mashigan ruwa. Rashin ƙwallo ba ya nufin komai.

7. Saukowa da tsallaka layi

Sauko ta hanyar da ka riga ka leƙa, ba ta wata ba. Kada ka sauko fiye da yadda aikin ke buƙata, in hoto zai yi kyau daga ƙafa 400 ba dalilin zuwa 150. Gudu kuma matsakaici, mai ba ka lokaci amma da rata mai kyau sama da gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi, wato sitol.

In za ka tsallaka layi, tsallaka ta saman falwaya ko hasumiyar kanta, sama da ƙolinta. Ita kana ganinta kana iya auna tsayinta, kuma a ƙa'ida wayoyin ba sa wuce ƙolinta. Ido ba ya iya auna nisan waya a sarari, ba ta da faɗin da ƙwaƙwalwa za ta kama. Ka fara haurawa da wuri, kada ka bari sai ka matso ka fizgo.

Wucewa ta ƙarƙashin waya aikin ƙwararrun masu feshi ne da aka horar, su ma da sharuɗɗa. Lanƙwasar waya tana canzawa, in zafi ya yi yawa ko layin na ɗauke da wuta mai yawa sai ta ƙara saukowa, ga shinge a ƙasa, ga wutsiyarka da ta fi kanka tsayi. In ba a koya maka ba, babu kai babu shi.

Gargaɗi: shan kwana a ƙasa-ƙasa na kashe mutane ko ba waya. In ka kwantar da jirgi digiri 45 gudun da zai yi sitol na ƙaruwa da kusan kashi 19 cikin 100, a digiri 60 kusan kashi 41. Ga kuma ruɗin iska, in ka juya iska ta koma bayanka sai ka ga ƙasa na gudu ka ɗauka ka yi sauri ka rage totur, alhali gudunka a iska bai canza ba. Mai kewaya abu yana kallonsa ta taga shi ya fi faɗawa wannan. Duba agogon gudu, ka riƙe ƙwallon agogon juyawa a tsakiya.

8. Wayar da ka riga ka sani

Abin da zai baka mamaki, hukumar binciken haɗurra ta Ostireliya, ATSB, ta gano cewa kusan kashi 63 cikin 100 na matuƙan aikin gona da suka bugi waya sun san da ita kafin su buge ta. Sun gan ta, sun tsallake ta sau da yawa a ranar, sannan hankali ya tafi wani wuri na daƙiƙa biyu, ko rediyo, ko allon GPS, ko bututun feshi ya toshe, ko tunanin man da ya rage.

Maganin da masu aikin ke amfani da shi ba wani abin a zo a gani bane. Duk zagaye ka ambaci wayar da baki, "waya a ƙarshen fili, haura", ko kai kaɗai ne a jirgin. In wani abu ya ɗauke maka hankali haura sama tukuna sannan ka duba shi. Wayar salula a kashe. Ka fi tsananta kula a zagayen ƙarshe na share gefuna, domin alkiblarka ta canza, wayar da ɗazu take gefenka yanzu tana gabanka, ga gajiya, ga zuciya ta riga ta tafi gida. Yunwa da ƙishirwa da rashin barci duk suna rage kula, in ka ji ka fara yin abu ba tare da tunani ba sauka ka huta.

9. Eriya, rafi da kwari

Doguwar eriya ba ita kaɗai take tsaye ba, wayoyin ɗauri ne ke riƙe da ita ta kowane gefe, kuma suna iya miƙewa kusan ƙafa 1500 daga gindinta. Shawarar FAA a ba ta ratar ƙafa 2000 a gefe. Akwai kuma siraran sandunan auna iska da masu neman kafa injinan wutar iska ke dasawa, da yawa ana yin su ƙasa kaɗan da ƙafa 200, launin toka, ana kafa su cikin ɗan lokaci, sun kashe matuƙan feshi a Amurka har hukumar binciken haɗurra ta ƙasar, NTSB, ta fitar da gargaɗi a kansu a 2011.

Bin rafi ƙasa-ƙasa kuwa, wallahi shi ne abin da ya fi jan sababbin matuƙa kuma shi ya fi muni. Layi na tsallaka ruwa da tazara mai tsawo, turakun na can cikin bishiyoyin gaɓa, bayan wayar ruwa ne mai duhu. A kwari tsakanin tsaunuka waya na iya ratayawa ɗaruruwan ƙafa sama da gindin kwarin saboda daga wannan tudu aka ja ta zuwa wancan, altimita na ce maka kana sama sosai alhali kana daidai da ita. A ranar 3 ga Fabrairu 1998 wani jirgin sojan Amurka da ke gudu ƙasa-ƙasa a wani kwari kusa da garin Cavalese na Italiya ya tsinke igiyar motar da ke ɗaukar mutane zuwa kan dutse, mutum 20 da ke ciki suka mutu. Ƙa'ida mai sauƙi: in ba ka leƙa kwarin daga sama ba, zauna sama da tudun da ke gefensa.

Haka ƙaramin filin saukar da ba ka sani ba. Hanyar mota na yawan wucewa ta bakin titin jirgi, waya na bin hanyar. Wuce ta sama ka duba, kada ka shigo a shimfiɗe kana jan jirgi da inji, in akwai fitilun PAPI masu nuna gangaren sauka kada ka yi ƙasa da abin da suke nunawa. Da dare filin da ba ka taɓa gani da rana ba a bar shi.

10. In ta bayyana kwatsam

Ba wata dabara mai tabbas a nan, shi ya sa matakan baya suka fi yawa. In da sauran rata, fukafukai a daidaice, ba inji totur duka, ja sama da ƙarfi amma ba fizgar da za ta sa ka sitol ba. Kwantar da jirgi don kauce wa waya yawanci ba ya aiki, wayar doguwa ce ta gicciye gabanka duka, kuma fiffiken ƙasa ne zai kama ta ko ya kama ƙasa. Mafi muni shi ne ka fara sama ka canza ra'ayi ka koma ƙasa.

11. In an riga an buga

Tuƙa jirgin, shi ne farko. Daidaita fukafukai ka riƙe gudu. Gwada sitiyari da feda a hankali ka ji abin da ke amsawa. In inji na girgiza sosai farfela ta lalace, rage totur gwargwadon da zai riƙe ka. Kira mayday, kiran neman agaji, a mitar rediyon da kake kai ko mitar gaggawa ta 121.5, sa lambar gaggawa 7700 a taransfonda, na'urar da ke nuna ka a rada, in hannu ya samu. Sauka a wuri mafi kusa da ya dace, kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gida, ba ka ganin wutsiyarka ba ka san abin da ya rage a jikinta ba. Ka ɗauka kana jan guntun waya a baya, don haka shigo da ɗan tsayi kada ta sarƙe shinge ko wani layin.

Gargaɗi mafi girma yana ƙasa. In jirgin ya tsaya waya na kansa ko kusa da shi, ka ɗauka tana da wuta ko ba ta tartsatsi. Layuka da yawa suna da na'urar da ke maido da wuta da kanta bayan ta yanke. In ba gobara, zauna ciki, kira masu agaji su sa kamfanin wuta ya kashe layin, ka daka wa masu rugowa taimako tsawa su tsaya nesa. In gobara ta kama dole ka fita, yi tsalle ka dira da ƙafafu biyu a haɗe, kada jikinka ya taɓa jirgi da ƙasa lokaci guda, sannan ka ja ƙafa kaɗan-kaɗan ba tare da ka raba su ba har ka yi aƙalla mita 10, in babban layi ne ka ƙara nisa sosai. Dogon taku shi ke sa wuta ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar.

12. Bayan an sauka

Ko da jirgin bai nuna komai ba, kada ya sake tashi sai injiniya ya duba shi. Waya na yanka gaban fiffike da ƙafar taya da bututun burki, in wuta ta ratsa kuma tana iya ƙona wurare a ciki da ba a gani daga waje. In farfela ta taɓa wayar, kamfanonin ƙera injin jirgi Lycoming da Continental duk suna da umarnin binciken inji bayan bugun farfela, sau da yawa sai an buɗe shi, kuma wannan na cikin manyan kuɗin da za a kashe, ga farfelar kanta, ga kuɗin gyaran layi da kamfanin wuta zai iya nema.

Sanar da kamfanin wutar nan take ko da wayar ba ta tsinke ba, domin wadda ta ji rauni tana iya faɗowa daga baya kan mutane ko ta tada gobara. Kai rahoto ga hukumar binciken haɗurran jirage ta ƙasar cikin wa'adin da dokarta ta sa, ka sanar da inshora, ka rubuta duk abin da ka tuna tun yana sabo, da lokaci da inda rana take da alkiblar da kake fuskanta. In kuma kusa ka yi ba ka buga ba, nan ma rubuta rahoto ka faɗa wa sauran matuƙan da ke aiki a yankin daidai inda wayar take, ka nemi mai layin ya rataya mata ƙwallaye.